Utada Hikaru: da wane kundi za a fara?

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ƙanwata ta turo mini saƙo. Ta gama kallon fim ɗin nan mai dogon zango na Japan da Netflix ta fitar a Nuwamban 2022, wanda aka gina labarinsa a kan waƙoƙi biyu na mawaƙiya Utada Hikaru, "First Love" da "Hatsukoi", ta farkon kuma ta ƙi fita daga kanta. "Yaya, na duba sunan matar nan, kundinta ya fi goma. Wanne zan sauke? Ka san datata ba ta da yawa." Na ce ta bari sai da safe. Gari ya waye, amsar ta ƙi shiga layi ɗaya, domin Utadar da ta ji a fim da wadda ni na fi saurara kusan mutum biyu ne.

An haifi Utada a birnin New York ranar 19 ga Janairun 1983. Mahaifinta, Utada Teruzane, furodusan waƙa ne. Mahaifiyarta, Fuji Keiko, mawaƙiya ce ta salon da Japanawa ke kira enka, waƙoƙin kewa da zafin rabuwa waɗanda ake rerawa da murya mai karkarwa. A 1970 kundin mahaifiyar na farko da na biyu sun riƙe saman jadawalin cinikin waƙa na Japan, wato Oricon, makonni 37 a jere. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar ta fitar da kundi takwas da Japananci, uku da Turanci, ban da waɗanda aka tattara fitattun waƙoƙi a ciki. A cikin waɗannan duka, huɗu ne suke takarar zama na farko a kunnen baƙo: First Love na 1999, Deep River na 2002, Fantôme na 2016, da BAD Mode na 2022.

Akwai abin da ya kamata a ajiye a gaba tun kafin a fara awo. Yawancinmu ba ma jin Japananci. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu, mun tashi muna rera waƙoƙin Indiya daga farko har ƙarshe ba mu san me ake cewa ba. Amma yana canza lissafi. Akwai kundin da kiɗa da karin murya suke ɗauke da shi, ko ba ka fahimci kalma ɗaya ba zai kama ka. Akwai kuma wanda rabin nauyinsa yana cikin kalmomi, idan ba ka nemi fassara ba ka ci tuwo ne babu miya. Da wannan ma'aunin nake auna su, sai kuma na biyu: waƙa nawa ne mutum zai tsallake idan ya kunna kundin daga farko.

First Love shi ne amsar da kowa zai fara ba ka, kuma yana da hujja. Ya fito ranar 10 ga Maris 1999, Utada tana da shekara 16. An sayar da fiye da kwafi miliyan biyu a makon farko, daga baya ya haura miliyan bakwai da dubu ɗari shida a Japan kaɗai, har yau babu kundin da ya kamo shi a tarihin ƙasar. Waƙar da ta buɗe masa hanya, "Automatic", ta fito a Disamban 1998. Abin da ya girgiza mutane a lokacin shi ne yadda yarinya 'yar shekara 15 ta ɗora Japananci a kan kiɗan R&B na Amurka ba tare da ya yi kama da aro ba. Tana yanka kalma gida biyu ta ja numfashi a tsakiya, inda mawaƙin da ya tashi a Tokiyo ba zai taɓa tsayawa ba, kuma abin ya zauna daram. Komuro Tetsuya, furodusan da ya mamaye kasuwar waƙar Japan a shekarun 1990, ya faɗa da bakinsa daga baya cewa fitowarta ce ta rufe zamaninsa.

Duk da haka ba shi nake fara miƙa wa mutum ba. Adadin cinikin nan yana da nasaba da zamaninsa: shekarar 1998 ce ƙololuwar kasuwar faifan CD a Japan, lokacin da matashi zai zaro kusan yen 3,000 ya sayi kundi saboda waƙa guda. Ba ƙarya ba ne a ce kundin ya yi kyau, amma miliyan bakwai ba awon daɗi ba ne. A lokacin ita take rubuta baitoci da karin waƙa, tsara kiɗan kuwa yana hannun manya irin su Nishihira Akira da Kawano Kei, kuma kiɗan ya tsufa fiye da muryar. Gangar inji da ƙarar madannai suna gaya maka shekarar da aka yi su tun daga bugun farko. Waƙoƙi huɗu na farko, wato "Automatic", "Movin' on without you", "In My Room" da ita "First Love", sun isa a yi tafiya dominsu. Daga tsakiya zuwa ƙasa sai abin ya lafa, akwai biyu ko uku da hannuna ke kai wa maɓallin tsallakewa ba tare da na yi shawara da shi ba.

Wanda ya tashi da kaset ɗin mawaƙan R&B na ƙarshen shekarun 1990, wanda yake kewar wannan sautin, zai ji kamar ya koma gida. Shi kam ya fara da First Love, babu gardama. Wanda kuma fim ne ya kawo shi, kamar ƙanwata, ya sani cewa waƙar da yake nema ita kaɗai ce irinta a kundin. Sauran sun fi ta motsi nesa ba kusa ba.

Distance, na biyu, ba zan daɗe a kansa ba. An fi tuna shi da ranar fitowarsa, 28 ga Maris 2001, ranar da mawaƙiya Hamasaki Ayumi ita ma ta saki A Best, kafafen watsa labarai suka mayar da abin dambe. Distance ya sayar da kwafi miliyan uku da 'yan kai a mako guda, na Hamasaki ya biyo shi da tazara kaɗan, kuma wannan bajinta ta ciniki a ƙasa ɗaya cikin mako ɗaya ta tsaya har mawaƙiyar Birtaniya Adele ta karya ta a Amurka a 2015. An ɗauko manyan furodusoshin Amurka, Jimmy Jam da Terry Lewis suka yi "Addicted to You" da "Wait & See", Rodney Jerkins ya yi "Time Limit". Waƙa ɗaya-ɗaya sun fi na kundin farko ƙarfi, amma a haɗe kamar kayan lefen da aka sayo a kasuwa uku ne, kowanne mai tsada, ba su dai san juna ba.

Deep River ne wurin da ta fara zama ita kanta. Ya fito ranar 19 ga Yunin 2002, tana da shekara 19, kuma a nan ta shiga aikin tsara kiɗa gadan-gadan tare da Kawano Kei. Sunan ta aro shi daga littafin marubuci Endo Shusaku na 1993, labarin wasu Japanawa da suka je bakin kogin Ganga a Indiya, kowa da nauyin da ke zuciyarsa. Waƙar da ke ɗauke da sunan kundin tana buɗewa da sautin sitar, kunnen da ya saba da finafinan Indiya zai gane shi nan take. Amma kafin ka kai can ka riga ka wuce "Sakura Drops", inda muryoyinta suke hawa kan juna a ƙarshen waƙar har ka rasa wadda za ka bi, da kuma "Traveling", waƙar rawa mai gudu kamar motar da ta samu titi babu kowa da tsakar dare.

"Traveling" tana da wani sirri da ya nuna irin kan da yarinyar take da shi. A tsakiyar wannan kiɗan na gidan rawa ta saka jimloli daga farkon Heike Monogatari, tsohon labarin yaƙi na Japan wanda makafin mawaƙa suke rerawa da molonsu mai suna biwa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, jimlolin da ke cewa mai taƙama ba ya ɗorewa, kamar mafarkin dare ne, kamar ƙura ce a gaban iska. Kowane ɗan makaranta a Japan ya san su. Wanda bai san wannan ba zai taka rawarsa lafiya lau, wanda ya sani kuma zai ji sanyi ya ratsa shi a tsakiyar rawar. Abin da ya sa kundin ya dace da mu ke nan: yana biyan wanda bai ji yaren ba, yana kuma ajiye ƙari ga wanda ya koma ya bincika.

Sai "Final Distance". Asalinta waƙa ce mai ɗan sauri a kundi na biyu. Ta sake ta da fiyano da goge irin na Turawa, a hankali, ta sadaukar da ita ga wata ƙaramar yarinya da ke cikin yara takwas da aka kashe a wata makarantar firamare a Ikeda, yankin Osaka, a Yunin 2001. Yarinyar ta taɓa rubuta cewa tana son zama mawaƙiya kamar Utada. Ko ba a gaya maka wannan ba, yadda muryar take tsinkewa a saman amshi zai sa ka san ba waƙar soyayya ce kawai ba. Kundin ya rufe da "Hikari", ma'ana haske, wadda masu wasan bidiyo na Kingdom Hearts suka sani da sigarta ta Turanci, "Simple and Clean". Wani ɗan abin dariya: amshin sigar Turancin ba na "Hikari" ba ne, karinsa yana cikin wata waƙa mai jita mai tsawa da ta zo kafin ita a wannan kundin, "Uso Mitai na I Love You". Mutum zai ji shi ya ce ai na san wannan, ya rasa daga ina.

Aibin Deep River kaɗan ne. A tsakiya akwai waƙa biyu da ba su kai sauran ba, kuma an cika kiɗan da kaya, wani lokaci har muryar tana kokawar neman wuri. A shekarar ne aka yi mata tiyata ta dakatar da fitowa a talabijin, a watan Satumba kuma ta auri Kiriya Kazuaki, wanda ya shirya bidiyoyin waƙoƙin nan masu launi kamar mafarki. Duk da rashin tallan, kundin ya sayar da fiye da kwafi miliyan uku da rabi.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a fara da na Turanci ba tunda shi muke ji? Nan ne tarkon yake. Exodus na 2004, wanda kamfanin Island Def Jam ya fitar a Amurka da sunan Utada kawai, kundi ne mai taurin kai, kusan ita ta haɗa shi da kanta a kwamfuta, furodusa Timbaland ya sa hannu a 'yan waƙoƙi. A Japan ya wuce kwafi miliyan ɗaya, a Amurka ya tsaya a lamba 160 a jadawalin Billboard, ko da yake "Devil Inside" ta hau saman jadawalin gidajen rawa. Ina son sa, amma son wanda ya riga ya san mai shi ne. This Is the One na 2009 kuwa an ɗinka shi ne daidai jikin rediyon Amurka, tare da furodusoshi Stargate da Tricky Stewart, har ya zama kowace ƙwararriyar mawaƙiya za ta iya rera shi. Ka ji abin da take cewa, amma ba ita ka ji ba.

Tsakanin waɗannan akwai tagwaye biyu da masoyanta suke yawan musu a kansu, Ultra Blue na 2006 da Heart Station na 2008. A dukansu ita ce kusan komai, rubutu, kari da tsara kiɗa. Ultra Blue mai duhu ne, muryoyi jere a kan muryoyi, kuma a ciki "Passion" take, waƙar Kingdom Hearts na biyu, wadda aka juya wasu kalmominta suna tafiya da baya. Shi ne kundinta na Japananci na farko da bai kai kwafi miliyan ɗaya ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe tare da ita shi suke ɗorawa a sama. Heart Station ya fi shi sakin fuska. Ya fito shekara guda bayan mutuwar aurenta, amma ba za ka ji kuka a fili ba. A ciki akwai "Flavor of Life", wadda aka sauke fiye da sau miliyan bakwai idan aka haɗa da masu sa ta a matsayin ƙarar waya, da "Beautiful World" ta fim ɗin Evangelion, da "Prisoner of Love".

Akwai wuri guda a Heart Station da nake so kowa ya ji da kunnensa. "Take 5" waƙa ce mai sanyi, kamar mutum yana kallon jikinsa daga sama. Tana cikin tafiya sai a datse ta, ba a rage sauti ba, ba a yi sallama ba. Karon farko na zaci wayata ce ta mutu, har na zaro ta daga aljihu. Kafin in gama dubawa sai ga waƙar yara ta shigo, "Boku wa Kuma", wadda ta rubuta wa shirin yara na tashar NHK. Ma'anar sunan ita ce "ni beyar ne", domin a Japananci kuma sunan wannan dabbar ne. Kunnen Bahaushe kuwa abin da yake ji shi ne wata mata tana ta cewa kuma, kuma, kuma, kamar mai ba da labarin da ya ƙi ƙarewa. Idan ana neman kundi mai sauƙin shiga wanda ba a tsallake komai a cikinsa, Heart Station na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Deep River. Abin da ya rasa shi ne waƙar da za ta tsayar da kai cak.

A Agustan 2010 ta sanar da cewa za ta ajiye waƙa na wani lokaci domin ta koyi zaman duniya irin na kowa, tunda tun tana shekara 15 wasu ne suke yi mata komai. Ta koma Landan da zama. A Agustan 2013 mahaifiyarta ta rasu a Tokiyo ba zato ba tsammani, tana da shekara 62. Utada ta sake aure a 2014, ta haifi ɗa namiji a 2015. Daga cikin wannan ne Fantôme ya fito, ranar 28 ga Satumban 2016, shekara takwas da rabi bayan Heart Station.

Sunan kalmar Faransanci ce da za a iya fassarawa da fatalwa, amma ba fatalwar tsoro ba. Ya fi kusa da abin da mutum yake ji idan ya shiga ɗakin mamaci ya tarar da ƙanshin turarensa bai fita ba. Hoton bangon baƙi da fari ne, ɗan dishi-dishi, da aski irin wanda aka san mahaifiyar da shi. Waƙoƙi sha ɗaya ne, dukansu da sunan Japananci, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma Turancin da ta saba yayyafawa a baitoci ya kusa ɓacewa. An rage na'ura, an kawo makaɗa na gaske, fiyano, bas, goge, har da garaya irin ta Turawa a "Ningyo". Muryar ta sauko ƙasa, ta yi kauri, ta daina ado. Akwai baƙi uku: Sheena Ringo, wadda suka fito shekara ɗaya a kamfani ɗaya, Obukuro Nariaki, da mawaƙin gambara KOHH, wanda suka yi "Bokyaku" tare, waƙa mafi nauyi a kundin.

Na fara jin "Manatsu no Tooriame" a wani dare da aka ɗauke wuta, ina kwance a tabarma a tsakar gida da abin sauraro a kunne, watanni kaɗan bayan rasuwar gwaggon da ta raine ni. Sunan yana nufin ruwan da ke saukowa farat ɗaya a tsakiyar zafi ya wuce. Fiyano ne kaɗai da murya a farko, har kana jin shigar numfashinta kafin kowane layi. A hankali goge ya shigo, sannan wani bugu mai zurfi kamar ana taka ƙasa a ɗaki na kusa. A ƙarshe sai ta kama layi biyu tana maimaitawa, ba ta kai su ko'ina ba, har sautin ya dushe. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba a lokacin. Na dai lura cewa na daina kaɗa mafici. Da safe na nemi fassara, na tarar da abin da na zata ne, har ya fi.

To a nan ne ainihin zaɓin yake, tsakanin Deep River da Fantôme. Idan aka tambaye ni wanne ya fi, Fantôme zan ce, ba tare da jinkiri ba. Babu waƙar cike gurbi a cikinsa, kuma shekara goma nan gaba ba zai tsufa ba, domin fiyano da bas ba sa tsufa irin yadda gangar inji take yi. Amma tambayar ƙanwata ba wanne ya fi ba ce, wanne za ta fara da shi ce. Fantôme yana bukatar abu biyu daga mai sauraro: ya zauna da fassara a hannu, kuma ya san muryar da can, domin ya gane abin da ta ajiye. "Hanataba wo Kimi ni", wadda aka yi wa wasan kwaikwayon safe na NHK, idan ka ji ta haka kawai waƙa ce mai daɗi mai haske. Sai ka karanta za ka gane cewa furannin da ake miƙawa na bankwana da gawa ne. "Ore no Kanojo" kuma tana rera ta da bakin namiji mai fahariya da budurwarsa, sannan ta juya ta amsa da bakin budurwar, wanda bai san yaren ba rabin wasan ya wuce shi. Deep River ba ya neman komai a wurinka sai kunne. Banda guda ɗaya ce: wanda yake cikin zaman makoki, ko bai daɗe da fita ba, ya tafi kai tsaye ga Fantôme. Shi ba ya bukatar tafinta.

Hatsukoi na Yunin 2018 ƙanin Fantôme ne, kuma shi ne na farko bayan ta koma kamfanin Epic na Sony. Sunan yana nufin soyayyar fari, wato ma'ana ɗaya da sunan kundinta na 1999, sai dai yanzu mai shekara 35 ce take magana. Waƙar da ke ɗauke da sunan ita ce ta biyu da aka gina fim ɗin Netflix a kanta. Ga masu kunnen ganga akwai abin lura: Chris Dave ne ya buga a waƙoƙi da dama, kuma a "Chikai" bugun yana jinkiri yana tangaɗi har sai ka rasa inda za ka sa tafi. Kundi ne mai kyau da goge ya ɗan yi wa yawa. Na uku ne ko na huɗu a layi, ba na farko ba.

BAD Mode dabam yake da duk sauran, kuma shi ne zai iya ƙwace matsayin farko a wurin wani irin mai sauraro. An sake shi a intanet ranar 19 ga Janairun 2022, ranar da ta cika shekara 39, faifan CD ya biyo baya a Fabrairu. Yawancinsa an yi shi ne a lokacin kullen korona, kuma hoton bangon ya nuna haka: tana tsaye a cikin gida da kayan shan iska, ɗanta yana giftawa a gefe. Ta koma ga na'ura, amma da abokan aiki na wani zamani: A. G. Cook a "One Last Kiss" ta fim ɗin Evangelion na ƙarshe, Skrillex a "Face My Fears", da Sam Shepherd wanda aka fi sani da Floating Points. Japananci da Turanci suna shiga juna a cikin baiti ɗaya kamar yadda 'yan boko suke gauraya Hausa da Turanci a hira, saboda haka kana kama zaren maganar ko ba fassara.

Waƙoƙin suna da tsawo kuma ba sa gaggawa. "Kibun ja Nai no" ta haura minti bakwai, kuma abin da ta gani ne a rana ɗaya ta ƙarshen Disamba ta jera shi kamar mai rubuta littafin ajiye sirri, har da wani mutum da ya zo wurinta yana sayar da waƙar da ya rubuta. A ƙarshe ana jin muryar ɗanta. "Somewhere Near Marseilles" kuwa ta kusa minti sha biyu, kiɗan rawa ne da ke ginuwa a hankali, mujallar Pitchfork ta sa ta a lamba 10 cikin waƙoƙin da ta zaɓa na 2022. Wanda kunnensa ya saba da amapiano, ya san daɗin jiran bugu ya nuna, ba zai ga tsawonta ba. Wanda yake son amshin da zai rera a banɗaki kuwa zai gaji tun a minti na huɗu. Ga mai ƙirga data ma, wannan kundin ya fi kowanne ci.

Saura hanyar da ake ganin ta fi sauƙi, wato kundin tattarawa. Single Collection Vol. 1 na 2004 ya jera fitattun waƙoƙinta na shekara biyar na farko bi da bi yadda suka fito, kuma a matsayin tarihi babu kamarsa, kana jin yarinya tana girma waƙa bayan waƙa. Science Fiction na Afrilun 2024, wanda aka yi don cikarta shekara 25 a waƙa, yana da waƙoƙi 26 a faifai biyu. Sai dai a sani, ba asalin waƙoƙin ba ne duka: ta sake rera uku, "Addicted to You", "Hikari" da "Traveling", an kuma sake gauraya sautin wasu goma, sannan ba a jera su bisa shekaru ba. Ga tsohon masoyi wannan garaɓasa ce. Ga baƙo kuwa, zai ji "Traveling" da muryar mai shekara 41 kafin ya ji ta da muryar mai shekara 18, kuma datsewar nan ta "Take 5" ba ta cikin kowane kundin tattarawa.

Samun su ba wuya yanzu. Waƙoƙinta suna cikin manhajojin sauraro irin su Spotify da Apple Music. A nema da Hikaru Utada, domin a can sunan gida yake zuwa ƙarshe, na Turancin kuma wani lokaci suna ƙarƙashin Utada kawai. Wasu sunayen waƙoƙin da rubutun Japan suke fitowa, saboda haka ya fi sauƙi a bi lambar waƙa a kundi. Masu tara faifan garmaho kuma, an buga duka takwas ɗin na Japananci a 2022.

Abin da na rubuta wa ƙanwata a ƙarshe gajere ne. Ta sauke waƙar "First Love" ita kaɗai tunda ita ta kawo ta, sannan ta sauke Deep River gaba ɗaya ta saurare shi a jere ba tare da tsalle ba. Idan ya zauna mata, Heart Station ya biyo baya. Fantôme kuma ta bar shi sai ranar da take da lokaci da fassara a hannu.

Bayan kwana goma ta kira ni. Ta bi maganata rabi: Deep River ya shige ta, ta ce "Letters" ce tata, abin da ban zata ba, amma ta haɗa da Heart Station tun a ranar farko, datar wata guda ta tafi a mako ɗaya. Muna cikin magana sai na ji wata ƙaramar murya a bayanta, 'yarta mai shekara uku, tana ta rera kuma, kuma, kuma.

"Ka ji abin da ka jawo mini, Yaya," in ji ta. "Tun jiya take tambayata, kuma me?"